Hannun da Ke Riƙe Tunkiya

Yayana bai taɓa mallakar ko kaza ba, amma kaf layinmu Mai-tumaki ake kiransa. Baƙo idan ya zo neman gidan sai ka ga yana baza hanci yana jiran warin garke, sai a nuna masa ciki da falo a bayan shagon mai gyaran fanka, ya tarar da dattijo da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, yana feƙe fensir da reza. Tumakinsa duk a takarda suke. Shekara talatin da huɗu ya yi yana zana su a ofishin kula da lafiyar dabbobi, irin manyan takardun nan da ake mannawa a bango don makiyayin da bai iya karatu ba ya duba ya gane abin da ke damun dabbarsa. Tunkiya mai ruɓaɓɓen kofato, tunkiya mai kumburin ciki, wadda kaska ta shanye, wadda ke zagaye wuri ɗaya saboda tsutsa ta hau mata kai. Lafiyayya ɗaya tak yake zanawa a kowace takarda, can a gefe, don a kwatanta.

Ni ƙanwarsa ce, ɗinki nake yi, kuma in za a faɗi gaskiya ina cikin igiyoyin da suka ɗaure shi a wannan ofis. Yana yaro fuskokin mutane yake zanawa. Ya taɓa zana babanmu da gawayi a bangon tsakar gida yana gyangyaɗi da baki buɗe, har Baba ya ɗauko bulala, da ya tsaya gaban bangon sai ya manta tana hannunsa. Daga baya aka ba Yaya gurbi a wata makarantar koyon zane a can nesa. Takardar ta iso a watan da Baba ya rasu, ya bar mu mu huɗu a bayan Yaya, ni ce ƙarama. Sai wani abokin Baba ya ce ofishin dabbobi na neman mai zane. Yaya ya ce zai riƙe na shekara ɗaya kafin abubuwa su daidaita. Takardar makarantar tana nan har yau a aljihun murfin akwatinsa, ta tsattsage a wurin ninki.

Ɗakin da suka ba shi a ƙarƙashin matakala yake, tsakanin ɗakin ajiyar magani da banɗaki. Ba taga. Fitila doguwa ɗaya mai ƙifce-ƙifce, tebur mai gilashi a sama da ƙwan lantarki a ƙasa, sai kujerar da in ya miƙe daga kanta da sauri ya bugi siminti da ƙeya. Duk wanda ya hau bene a kan Yaya yake takawa. Na je sau biyu, sau biyun na fito da ciwon kai, rigata tana warin maganin wankan dabbobi har kwana uku.

A irin wannan rami ba a zana dabba mai rai, don haka aikin kashi biyu ne. Ranar Juma'a da yamma motar ofis za ta sauke masa tunkiyar da ake so a ƙofar gida. Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, zai fito tsakar gida da allo a cinya ya zana ta da fensir, duk abin da idonsa ya gani a jikinta da kewayenta, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Ranar Litinin ya ɗora zanen a kan gilashin nan, ya kunna ƙwan, ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai, ya bi layin tunkiyar da tawada. Tunkiyar kaɗai. Babban likitan ofishin ya kafa masa doka tun ranar farko: ba a son mutum a ciki, ko yatsa. Wai in makiyayi ya ga mutum a takarda, mutumin zai tsaya kallo ya manta da cutar. Na fensir kuma, da zarar an gama da su, sai Yaya ya jefa a kwali.

Matsalar tunkiya ita ce ba ta san ana zana ta ba, ba kuma ruwanta. Dole wani ya riƙe. Shekara goma sha biyar matarsa ce ke riƙewa.

Matata nake ce mata, irin wasan ƙanwar miji, ita kuma ta ce ni ce mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai dogon baki. Mace ce mai surutu da dariya har da buga cinya. Za ta durƙusa a gefen dabbar, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a gadon baya, ta yi ta ba shi labarin unguwa tun daga wanda ya haihu har wanda ya tashi. Shi kuwa kansa na ƙasa.

"Ɗaga min haɓarta kaɗan."

"Kana jina kuwa, maigida?"

"Uhm. Kar ki motsa."

Wata rana na ji ta ce masa, "Wallahi da ni tunkiya ce da tuni ka san adadin gashin idona." Ya yi murmushi ya ce ta juyo masa da ƙafar baya.

Ba wai ba ya sonta ba. Yana sonta irin son mutanen da ke ganin akwai lokaci. Kullum cewa yake idan ya yi ritaya zai sayi babban ƙyalle da fenti mai kyau ya zana ta a zaune, da ɗankwalin da take so. Ita kuma ba ta son hoto, ko an zo ɗauka a biki sai ta ɓuya bayan mutane, ta ce ita mai zane take aure, me za ta yi da na'ura.

Sun daɗe kafin su samu haihuwa, da suka samu kuma ɗaya ce, shi ya sa muke ce mata Tilo. Tilo na da shekara tara uwarta ta kwanta, kwana goma sha tara a asibiti ta tafi. Likitoci sun ce ciwon ya daɗe yana cinta a ciki, da an kawo ta da wuri. Wannan maganar Yaya bai taɓa karɓarta ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, da duk wanda ya tayar da zancen a shekarun da suka biyo baya, amsa ɗaya yake samu: "Farat ɗaya ne. Ba ta nuna alama ba. Ni da aikina ke nan, da ta nuna da na gani." Da wannan maganar ya rayu, mu ma muka bar masa ita.

Bayan rasuwarta ya koma ɗaure tumakin a turke. Zanen ya sandare, shi ma ya faɗa. Ba a jima ba ofis ya sayi kwamfuta da na'urar buga hoto mai launi, aka daina buƙatarsa, amma ba a sallame shi ba, shi ma bai tafi ba don kar fansho ya salwanta ga yarinya a makaranta. Shekara bakwai yana zuwa ƙarfe takwas ya zauna ƙarƙashin matakala ya zana tumakin da ba wanda ya nema, daga ka, ƙarfe huɗu ya rufe ya dawo. Na sha yi masa faɗa. Na ce Yaya, ga titi cike da mutane, ga masu shago na neman mai zana musu allo, fito ka sha iska. Sai ya ce, "Ke dai Uwar-magana, saura kaɗan." Ranar da ya yi ritaya suka ba shi agogon bango, suka kuma roƙe shi ya kwashe kwalayensa don za a sa janareto a ɗakin. Kwali tara. Ya cusa huɗu ƙarƙashin gado, biyar a saman kabad, har ɗakin nasa na gida ya koma kamar na ofis.

Babban ƙyallen nan bai saya ba. Tumaki ya ci gaba da zanawa.

Bara idonsa ya fara lalacewa. Hawan jinin ido ne, likita ya ce an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma yana rufewa daga gefe zuwa tsakiya. Yaya ya kwatanta min da cewa kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. A cikin wannan hali Tilo ta zo daga garin da take aure, da cikinta wata bakwai, ta zauna a bakin gadonsa.

"Baba, abu ɗaya na zo roƙo. In mace na haifa sunan Mama zan sa mata. Amma wallahi na manta fuskarta. Ina tuna muryarta, ina tuna ƙamshin man da take shafawa, fuskar ce in na kamo sai ta watse. Ka zana min ita kafin..."

Ba ta ƙarasa ba, ba kuma wanda ya nemi ta ƙarasa. Hoton uwarta ɗaya ne a duniya, na katin asibiti, ƙarami kamar kan sarki, hatimi ya hau rabin fuskar, ruwan ɗigar rufi ya cinye sauran.

Yaya ya ce, "Wannan ai ba abin roƙo ba ne. Ba ni kwana uku."

Kwana uku suka zama mako biyu. Ina zuwa kullum da rana in na rufe shago in kawo musu abinci, in tarar da shi a bakin ƙofa inda haske ya fi, takardu a dunƙule kewaye da ƙafarsa. Ran nan Tilo ta fita awo, ya jawo ni gefe kamar wanda zai faɗi laifi.

"Ke, hancinta yaya yake?"

Na ɗauka wasa ne. Na dube shi, ba wasa ba ne.

Na ja kujera na zauna na fara kwatantawa. Ni na san fuskar Matata kamar yadda na san keken ɗinkina, amma je ka faɗi fuska da baki ka gani. Na ce hancin gajere ne amma ba shimfiɗaɗɗe ba, goshi mai faɗi, idanu manya masu ɗan kumburi a ƙasa, in ta yi dariya kumatun dama ya lotsa. Yana zanawa, yana gogewa. Da ya juyo min da allon sai na rasa inda zan sa kaina. Fuskar ta yi tsawo. Idanun sun rabu sun koma gefe da gefe. Leɓen sama ya tsage a tsakiya. Ɗankwali ne kawai ya hana ta yin kuka irin na garke.

Dariya ta kufce min, Allah Ya yafe min, irin wadda ba ka shirya ba. Shi ma ya ɗan yi. Sai ya kife allon a cinyarsa.

"Hannun ne ba ya jin magana," in ji shi. "Ina fara goshi sai ya gangara da kansa. Ita kuma in na rufe ido, muryarta nake ji daga sama, ta wajen nan, saman kaina. Fuskar ba ta zuwa."

Na koma gida ranar ina ta saƙe-saƙe. Na ji haushinsa, na ji haushin likitan nan mai doka da ya daɗe da mutuwa, na ji haushin kaina da kuɗin makarantar da na ci daga ramin nan. Washegari na zo da niyyar faɗa. Na ce ai dole hannu ya ƙi mutane, mutum na kwana tumaki a ƙarƙashinsa tumaki a samansa. Na ce yau sai kwalayen nan sun bar ɗakin, ko mai sayen tsohuwar takarda ko wuta. Na jawo na farko daga ƙarƙashin gado da ƙarfin tsiya, gindinsa da ya sha danshi ya buɗe, takardu suka malale har bakin ƙofa.

Tilo ta durƙusa da ƙyar tana tattarawa. Sai na ga ta tsaya da ɗaya a hannu.

"Gwaggo, hannun waye wannan?"

Tunkiya ce mai ƙazuwa a wuya. A ƙarƙashin haɓarta akwai hannu, an zana shi tsaf har wuyan hannu, daga nan takarda fara. Yatsu gajeru, tabon ƙunar tukunya a bayan babban yatsa, ƙaramin yatsa ya ɗan lanƙwashe ciki, zoben azurfa siriri a na kusa da shi. Tilo ta ɗaga nata hannun ta kalli ƙaramin yatsanta, lanƙwasa iri ɗaya.

Muka zube kwalin gaba ɗaya, muka jawo na biyu da na uku. Kowace takarda da hannun nan, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyu. Yana riƙe kunne, yana buɗe baki don a ga dasashi, yana tallafe kofato. Duk abin da dokar ofis ta hana shiga tawada yana nan a fensir, ɗaruruwa, kowanne da kwanan watansa. Yaya ya sauko ƙasa ya zauna tare da mu, ya haɗa tabarau biyun, yana kai takardun dab da hancinsa. Shi ma bai sani ba. Ya ce shi tunkiya yake zanawa, hannun yana wurin ne kawai.

Tilo ta fara jera su bi da bi a kan tabarma, tana kuka tana dariya. Ga shekarar aure, hannun cike, fata sumul. Ga shekarar da aka haife ta, yatsun sun kumbura, babu zoben, na tuna a zare ta rataye shi a wuya. Ga wata da hannu biyu a gadon bayan ɗan rago, babba da ɗan mitsitsi a kansa. Ta rungume wannan a ƙirji. Na ce a raina to alhamdulillahi, ba a samu fuska ba amma yarinya ba za ta koma hannu wofi ba.

Da mun tsaya a nan da ya fi. Amma Yaya mutum ne mai bin abu har ƙarshe, ya ce a miƙo masa kwalin shekara biyun ƙarshe.

Ya jera su da kansa, a hankali, yana karanta kwanan wata da ƙarfi. A na farko zoben na wurinsa. Bayan wata huɗu ya sauko ya tsaya a gaɓar yatsa, a karkace. Bayan wata uku ya koma yatsan tsakiya. Jijiyoyin bayan hannun sun fito, ƙashin wuyan hannu ya tsaya kamar ƙulli. Can gaba zoben na yatsan nuni, an naɗa masa zare ta ciki don ya kama, har zaren Yaya ya zana, silin-silin. Farcen ya canja, ya yi faɗi ya lanƙwasa. A na ƙarshe hannun ba riƙe tunkiyar yake ba, dafa ta yake, kamar mai neman abin jingina. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe wata goma sha tara.

Ta bango ana jin ƙarar fankar da maƙwabci ke gwadawa.

"Ta nuna," in ji Yaya. Muryarsa ba ta ko rawa. "Ga shi nan. Da tunkiya ce aka kawo min da wannan ramar, da tun a wata na uku na rubuta wa likita. Ni na zana. Hannuna ya gani, ni ban ɗaga kai ba."

Na so in ce masa ba haka ba ne, bakin nan nawa da ba ya gajiya ya ƙi buɗuwa. Don ni ma sau biyu Matata ta kawo min rigunanta na rage musu ƙugu. Na rage, na yi mata tsiya cewa Yaya ya daina ciyar da ita, muka yi dariya. Na faɗa masa wannan a ranar, karo na farko. Bai rage masa komai ba, ni ma bai rage min ba.

Tilo ce ta tattara takardun. Ta ware mai hannu biyun nan da ta shekarar aure ta sa a jakarta, sauran ta mayar kwali ta ɗaure da igiya, ta ce ba mai ƙona ko ɗaya. Hoton da ta zo nema ba ta sake tayar da zancensa ba, shi ma bai sake gwadawa ba.

Ranar da za ta koma, da safe, mota na jiranta, ta ɗauko allon da kanta ta ɗora masa a cinya. Ta ja kujera ta zauna a gabansa a bakin ƙofa.

"To ni ka zana ni, Baba. Ko yaya ta fito ina so."

Ya feƙe fensir ya daɗe yana feƙewa. Ta ɗora hannuwanta a kan cikinta. Ina tsaye bayansa, na ga fensirin ya sauka ƙasan takarda ya fara da ƙaramin yatsa.

"Ba nan ba," in ji ta. "Ɗago kanka."

Ya ɗago. Amma bututun nan ya riga ya tsuke, fuska ba ta shiga cikinsa gaba ɗaya. Sai ya riƙa yawo da kai a hankali, yana tsintar ta gutsure-gutsure, haɓa, kunne, gefen baki. Ta matso har gwiwarta ta taɓa tasa. Ya tsaya a kan girarta ta hagu, ya miƙa yatsa ya taɓa wani ɗan tabo da ya raba gashin biyu.

"Wannan fa? Yaushe kika ji ciwo?"

"Ƙofar kabad ce, Baba," in ji Tilo. "Ina shekara goma sha biyu."